Kunnen da Reto Ya Cinye

A gonar Thirkettle, bayan girbin sha'ir,
ƙasar Norfolk ta jiƙe sharkaf,
laka ta riƙe takalmina kamar mai bin bashi.
Na'urar ta yi tsuwa a kunnena,
irin tsuwar da ta sha kai ni
ga marfin kwalba da ƙusar garma.
Na durƙusa ba don na sa rai ba,
gwiwa ce ta saba.

Sai ga ta, ba ta kai babban yatsana ba:
'yar garkuwar tagulla,
koriya kamar gansakuka,
da ɗigon ja maƙale a lungu guda
ya ƙi sakin wurinsa.

Ran Talata na kai wa Maud Larwood
a ɗakinta na gidan tarihi,
inda shayi ke hucewa tsakanin akwatuna.
Ta kara ta da madubi, ta jima ba ta ce uffan ba.
Ta ce, kayan doki ne.
Shekara ɗari bakwai, ko da 'yan kai.
A madaurin ƙirji ake jera su,
kowace ɗauke da tambarin ubangidan,
don wanda bai iya karatu ba
ya san wa zai kauce wa a hanya.

Na ce, to wane ne?
Ta buɗe littafi, ta rufe, ta buɗe wani.
Dabba ce tsaye kan ƙafafun baya,
ko zaki, ko kare,
garma ta riga ta fille mata kai.
Ruwan zinariyar ya tafi,
jan gilashin saura ƙwayar gero.
A gurbin suna ta rubuta: ba a sani ba.
Mutumin da ya biya maƙeri
don kada a manta shi!
Komai nisan jifa.

Amma dubi nan, in ji ta.
Kunnen da aka rataye ta
ya siɗe ta gefe ɗaya, siriri kamar farce,
har ya tsinke.
Ba takobi ba ne, ba yaƙi ba.
Reto ne kawai,
taku bayan taku, kasuwa, coci, mashaya,
ƙarfe na lasar ƙarfe.
Sunan mai doki ya goge,
tafiyar dokin ce ta rage.

Tun ranar nake tunanin yaron barga.
Ban san sunansa ba, Hamo nake ce masa.
Ga shi da kyandir, dokin na huci,
yana ƙirga da yatsa:
tara, goma, sha ɗaya.
Ya sake daga farko.
Sha ɗaya.
Ya san hannun da zai tambaye shi ta sha biyun.
Ya koma cikin ruwa da duhu
yana laluben sawun kofato,
har sanyi ya kashe masa yatsu.

Mahaifina ma dawakin wani ya yi wa bauta
a wannan gonar, kafin zuwan tarakta.
Goge tagullar wani ya cinye masa Lahadi,
bai taɓa mallakar ko ragama ba.

Sun maido mini ita cikin 'yar leda
da lamba mai tsawo a jiki.
Na zura mata zare, na rataye a taga.
In motar madara ta wuce da asuba
takan ɗan motsa,
kamar dokin ya tuna hanya.

Hamo, ga ta nan.
Ba a kan hanyar ba, shi ya sa.
Can gindin shinge ta gangara,
inda ruwa ke kwanciya,
taku ashirin, ina jin,
daga inda ka haƙura ka juya.